A Harkar Sauti, Ji Ya Kamata Ya Kori Gani

Wata Asabar cikin watan jiya na je wani shagon hayar kayan sauti a Kano, don in kama wa ƙanwata lasifikun da za a yi walimar aurenta da su. Na ɗauka minti goma ya ishe ni. Sai ga ni a kan benci har aka kira La'asar, saboda na tarar da musu ya kaure, na kuwa kasa tashi. Su shida ne: mai shagon da yaransa biyu, da wani dije da ya zo karɓar waya, da wani matashi mai situdiyo a unguwarsu, sai wani bawan Allah da ke kula da na'urar masallacin Juma'arsu. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne, tsakanin wasu miksa guda biyu, wato na'urorin haɗa sauti, wacce ta fi fitar da murya.

An kawo hujjoji iri-iri. An faɗi sunan kamfani da ƙasar da aka ƙera kowacce, an faɗi kuɗinsu da dala, an ce wani babban mawaƙi a Legas da irin wannan yake aiki, an ce ɗayar ai jabu ce aka liƙa mata suna. Mai situdiyon ya zaro wayarsa ya nuna hoton wani Bature zaune a gaban irin tasa. Dijen ya rantse cewa ko yana barci aka kunna zai bambance su. Duk wannan fa, miksocin nan biyu suna ajiye a kan kanta ɗaya, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Janareto na aiki, ga makirfo a rataye, ga lasifika a bakin ƙofa. Har na tashi, babu wanda ya ce, "Kai, a jona mu ji mana."

Zaman nan ya tsaya mini a rai, domin ina ƙaunar wannan sana'a da masu yin ta. Su ne ke tsaye tsakanin bakin liman da kunnen mutumin sahun ƙarshe, tsakanin mawaƙi da direban da ke sauraronsa a hanyar Gusau, tsakanin mai karanta labarai da tsohuwa da rediyonta a tsakar gida. In aikinsu ya yi kyau ba mai tunawa da su. In lasifika ta yi kuka sau ɗaya, taro duka sai ya waiwayo ya harare su. Masu ɗauke da irin wannan nauyi ya kamata musunsu ya zama wanda ake tashi da ƙaruwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amura haka ne. Amma a harkar sauti ido ne ke ɓata shari'a, kuma galibin gardamar da nake ji tsakanin masu sautinmu gardamar ido ce: suna, farashi, sheƙi, da wane ne ya riƙe.

Ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Injiniyoyin sauti na Amurka da Turai ma sun shafe shekaru suna wannan musu, har da masu rantsuwa cewa wayar lasifika ta dala dubu ta fi ta dala goma daɗin amo. Abin da ya bambanta shi ne, a can an sami waɗanda suka gaji da rantsuwa suka rataya labule. Floyd Toole ya daɗe yana bincike a kan lasifika a hukumar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa, kafin ya koma kamfanin Harman a Amurka. A 1994 shi da abokin aikinsa Sean Olive suka tara ma'aikatan kamfanin, da ƙwararrun saurare da waɗanda ba su ƙware ba, suka sa su ba wasu lasifiku maki har sau biyu. Sau ɗaya suna kallon lasifikun, sau ɗaya kuma an kare su da labulen da sauti ke ratsawa. Da ido a buɗe, manyan nan masu sheƙi da tsada suka yi fintinkau. Da aka saki labule, tazarar ta tsuke, 'yar ƙaramar mai araha ta ɗago kai. Wani abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne, a bayan labule, in aka matsar da lasifika daga wannan wuri zuwa wancan a cikin ɗakin, makin yakan canza sosai. Da ido a buɗe kuwa, mutane ba su cika lura da canjin ba, domin sun riga sun yanke hukunci tun kafin a kunna. Ƙwarewa ba ta tsare kowa daga wannan ba.

Akwai kuma tarko na biyu, wanda ya fi na ido daɗewa da sani. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka auna yadda kunnen ɗan Adam ke ji. Sun nuna cewa kunne ya fi kama amon da ke karkarwa kamar sau 2,000 zuwa 5,000 a sakan guda, kuma in sauti ya yi ƙasa-ƙasa, kaurin amo da sirinsa su ne ke fara ɓacewa. Da zarar an ɗan ɗaga, sai su dawo, mai sauraro ya ji kamar abin ya cika ya yi daɗi. Saboda haka in aka gwada na'ura biyu, wadda ta ɗara ɗayar ƙarfi ko da desibel ɗaya ne a ma'aunin ƙarfin sauti, ita za a ce ta fi kyau. Mai sayar da rediyo a kasuwa ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Fletcher ba: wadda yake so ka saya, ita zai ɗan murɗa wa. Harshenmu ma ya haɗa abubuwan biyu a rubutu ɗaya. Ƙara ita ce hayaniya, ƙara kuma shi ne daɗawa a kan abin da ke akwai. A wajen biki in aka ce wa mai sauti "ƙara mana", duka biyun ake samu. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarfin na'urorin biyu ba kafin a fara, ɓata lokaci ne.

Bari in kawo misalin musun da nake sha'awa. Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana gutsurar sauti sau 44,100 a sakan. Daga baya aka fito da faya-fayan da suka ninka wannan, aka ce sun fi shi nesa ba kusa ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran na birnin Boston suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, wadda aka kafa a New York tun 1948. Sun riƙa kunna sabon faifan, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci su bi da shi ta na'urar da ke rage shi zuwa matsayin CD, mai sauraro bai san wanne ne ba. Cikin gwaji 554, an dace sau 276. Rabi ke nan, daidai da canki-canka. Waɗanda ba su yarda ba sun mayar da martani da hujja: sun nuna cewa wasu faya-fayan da aka yi gwajin da su, asalin ɗaukarsu ba ta kai matsayin da aka rubuta a jikinsu ba. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18 ya haɗa lissafinsu, ya gano akwai ɗan bambanci da ake ji, kaɗan ne, kuma waɗanda aka horar sun fi kama shi. Shekara tara ana abu ɗaya, kowa ya ajiye abin da ya auna a fili don wani ya duba. A ƙarshe kowane ɓangare ya rage baki, sana'ar kuma ta ci gaba da taki ɗaya.

Kada a fahimce ni da cewa kaya ba su da muhimmanci. Jabun makirfo ya cika kasuwanninmu, wayar da aka yi wa ɗauri goma tana kawo ƙugi, wutar da ke hawa da sauka tana ƙona amfilifaya, kuma mai shagon da ya zuba miliyoyi a kaya yana da hakkin ya yi alfahari da su. Sai dai in kaya sun kai wani matsayi na inganci, abin da ya rage a hannu da kunne yake. Makirfon Shure SM58 da ake gani a hannun manyan mawaƙan duniya tun 1966 ake ƙera shi, kuɗinsa kuma wajen dala ɗari ne. Bruce Swedien ya ɗauki yawancin muryar Michael Jackson a faifan Thriller na 1982 da Shure SM7, makirfon da aka fi sani a ɗakunan rediyo. Faifan Billie Eilish na 2019, a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka ɗauke shi a gidan iyayensu, ya kuma ci kyautar Grammy ta ingancin haɗa sauti a 2020.

Abin da ba na jin ana musu a kansa ko kaɗan, alhali shi ne rabin aikin, shi ne ɗaki. A 1895 Jami'ar Harvard ta buɗe wani zauren lacca a gidan tarihi na Fogg, sai aka tarar ba a gane abin da malami ke faɗa. Kalma ɗaya takan yi ta yawo a zauren fiye da sakan biyar, ta hau kan kalmomin da suka biyo ta. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyarawa. Kayan aikinsa bututun busa ne da agogon awo da kunnensa. Cikin dare, in gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa mai suna Sanders, su shimfiɗa, ya busa ya auna tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu, su ƙara matasai ya sake aunawa, kafin gari ya waye su mayar. Daga nan ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi: daɗewar amo tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. Da wannan lissafi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Na ga aikin Sabine da idona a masallacin unguwarmu, ko da yake wanda ya yi shi bai ambaci sunansa ba. Shekarun baya aka yi wa masallacin gyara. Aka ɗebe tabarmi, aka sa tayil a ƙasa da bango har kafaɗa, aka yi silin mai sheƙi, aka sa tagogin gilashi. Ya yi kyau ƙwarai a ido. Amma daga sahu na biyar zuwa baya, huɗuba ta koma guguwa. Kwamiti ya yi karo-karo ya sayi sabuwar amfilifaya, abin bai gyaru ba. Aka sake tara kuɗi aka ƙaro lasifiku huɗu a ciki, kowacce a kusurwa tana fuskantar 'yar'uwarta, abin ya ƙara lalacewa. Sai wani ya tuna da wani dattijo a bayan layinmu da ya yi ritaya daga gidan rediyo.

Ya zo bayan Azahar, jama'a sun watse. Bai ko kalli akwatin na'urar ba. Ya tsaya a tsakiya, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya ɗaga yatsa sama, ya riƙe shi a haka har amon ya mutu. Ya koma sahun baya ya sake tafawa. Sannan ya ce da yaron da ke kula da na'urar, "Ɗana, buɗe mini in gani." Ya duba, ya murɗe maɓallin eko har ƙasa. Liman yana tsaye, ya ce ai wannan ne ke sa karatu ya yi armashi. Dattijon ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, ginin nan da kansa yana yi maka eko fiye da yadda kake bukata. In muka daɗa masa na na'ura, sin da sadi duk ɗaya za su koma a kunnen na baya." Liman ya yi shiru, can ya ce a gwada. Aka sauke biyu daga cikin lasifikun, aka sassauto da sauran aka karkata su suna kallon kawunan mutane maimakon bango. Ya matso da makirfo har ya rage yatsa huɗu tsakaninsa da bakin liman, ya rage ƙarfin amfilifaya da kusan rabi. Ya bayyana wa yaron dalili: a fili, duk sanda ka ninka nisanka da inda sauti ke fitowa, ƙarfinsa na faɗuwa da desibel shida, don haka matso da makirfo ya fi murɗa maɓalli, kuma kukan da lasifika ke yi ba komai ba ne illa makirfo yana jin lasifika yana mayar mata, ita ma tana mayar masa. Daga ƙarshe ya ce kuɗin da aka ware don amfilifaya ta uku a sayi darduma mai kauri da labule mai nauyi na bangon baya. Juma'ar da ta biyo bayan shimfiɗa dardumar, a sahun ƙarshe na zauna da gangan, kuma na ji huɗuba daga hamdala har addu'a.

Na daɗe ina tunanin maganarsa a kan sin da sadi. Karatun Alƙur'ani a kan fitar da kowane harafi daga mafitarsa aka gina shi. Sheikh Mahmud Khalil al-Husari ya ɗauki cikakken Alƙur'ani a faifai a Masar a 1961, da na'urorin da wayar hannun yaro ta yau ta fi su ƙarfi, amma har gobe da shi ake koyar da tajwidi, saboda kowane harafi yana zaune a wurinsa. Mu kuma da kayan zamani muna lulluɓe karatu da amsa-kuwwa har a kasa bin aya. A 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta ba da umarnin a taƙaita lasifikun waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarfinsu ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Mutum na iya yarda da wannan ko ya ƙi, amma magana ce da ya kamata masu kula da na'urorin masallatanmu su zauna su tattauna da ilimi, su ne suka fi kowa sanin inda abin ke ciwo.

Son ƙara ya taɓa cin masana'antar waƙa ta duniya baki ɗaya. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga tsere, kowa na so faifansa ya fi na wani ƙarfi a rediyo. Hanyar ita ce matse sauti: a danne inda ya yi sama, a ɗago inda ya yi ƙasa, har waƙa ta zama bango guda, ba hawa ba sauka. Abin ya kai maƙura a 2008 da faifan Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, lokacin da masoyansu suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan kwamfuta na Guitar Hero, waɗanda ba a matse su haka ba, sun fi na faifan da suka saya daɗin ji. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke. Injiniyoyi ne suka kawo maganin, ta hanyar yarda da ma'auni guda na ƙarfin sauti kamar yadda kunne ke jin sa. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ƙa'idar R128, a shekarar kuma Amurka ta yi dokar hana talla ta fi shirin da take ciki ƙara. Yau Spotify da YouTube suna rage duk waƙar da ta wuce ma'auninsu. Wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙarfi, za a sauke ta daidai da sauran, ya tashi da muryar da ta shaƙe kawai. Yawancin waƙoƙin da ke fitowa daga situdiyoyinmu har yanzu a wancan tsohon tseren suke, kuma duk mai sauraron tashoshin FM ɗinmu ya san yadda talla ke faɗo masa a ka, sai ya kai hannu ya rage.

A nan maganar ta wuce daɗin ji, ta shiga lafiya. Ma'aunin da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wuraren taro da kiɗa su wuce desibel 100 in an auna tsakaitawar minti goma sha biyar. Nijeriya ma tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ke mayar da amo saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ranar walimar ƙanwata, ɗaya daga cikin yaran shagon nan, wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya zauna a kan akwati jikin babbar lasifika tun daga Azahar har Isha'i. Da aka tashi na kai masa abinci, na tambaye shi ko kunnensa ba ya damunsa. Sai da na maimaita. Ya ce, "Yaya, kullum in na kwanta shiii yake yi mini, amma da safe yakan sake ni." Da kunnen nan zai ci abinci shekara arba'in masu zuwa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin toshe kunne na 'yan nairori zai iya tsare masa shi. Mai sautin da jinsa ya fara raguwa, sirin amo yake fara rasawa, sai ya riƙa ƙara shi a miksa don ya ji daidai, jama'a kuma su sha tsinin a kunnuwansu.

Wannan yaro ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato rowar ilimi. Na san ogan da ke rufe miksa da tawul in ya gama saiti, don kada wani ya ga inda ya ajiye maɓallai. Na san yaran da suka yi shekara biyar suna dakon lasifika da naɗe waya, ba a taɓa zaunar da su an ce ga dalilin kaza ba. In ƙaramin ya yi tambaya a gaban manya, dariya ake yi masa, sai ya koyi yin shiru, daga baya ya koyi rantsuwa da sunan kamfani kamar yadda ya ga ana yi. Alhali saitin da aka ɓoye ba ya ma aiki a wani ɗakin, domin kowane zaure da halinsa. A gefe guda kuma ga dattawan da suka yi aiki a gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara watsa shiri tun 1962, da na Kano da Sakkwato da sauransu, waɗanda suka yi zamanin yanka tef da reza, suka ɗauki makaɗa goma da makirfo ɗaya ko biyu ta hanyar tsara inda kowa zai tsaya. Suna nan zaune a ƙofar gidajensu, ana ta raguwa, ba mai zuwa tambaya.

Kuma akwai tambayoyin da su kaɗai ne za su iya fara amsa mana, domin babu injiniyan Landan ko Los Angeles da zai yi mana wannan aiki. An rubuta littattafai a kan inda ake kafa makirfo a gaban jita da fiyano. Kalangu fa? Ganga ce mai fuska biyu, makaɗi na matse igiyoyinta a hammata amonta ya hau, ya saki ya sauka, yana kuma juyi da jikinsa yana bin mawaƙi. A ina za a sa makirfo a kama maganar da take yi ba bugun kawai ba? Kuntigin Ɗan Maraya Jos, gwangwani ne da tsirkiya ɗaya, amonsa siriri, yaya ake ɗaga shi ba tare da ya zama ƙarar ƙarfe ba? Kotso irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da goge, da algaita wadda ita kaɗai tana iya danne taro, da kakaki mai tsawon da ya fi mutum: kowanne da nasa hali. 'Yan amshi shida, makirfo ɗaya za a ba su su kewaye shi kamar yadda aka saba, ko kowa da nasa? Tun da fiyanon Yamaha ya shiga waƙoƙin fim a shekarun 1990, yawancin matasan situdiyo ba su taɓa ɗaukar ganga mai rai ba, a cikin na'ura suke tarar da ita.

Haka batun Auto-Tune, manhajar da Andy Hildebrand, wanda ya fara da aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, ya fitar a 1997. Aikinta ta ja murya zuwa mafi kusa daga cikin amo goma sha biyu na fiyano. Ban ce a daina ba, ta riga ta zama ɗanɗanon zamani, kuma akwai masu sarrafa ta da gwaninta. Amma Hausa harshe ne da hawa da saukar murya da jan wasali ke raba ma'ana: wuyan da ke ɗauke da kai daban da wuyar da ake sha, garin da ake zama daban da garin da ake tuƙawa. Muryar Shata tana zamewa tsakanin amo da amo, a nan daɗinta yake. Wane mataki za a kai manhajar kafin ta fara goge wannan? Ga ƙ da ɗ da ɓ da ts, haruffan da ɗan ƙaramin motsi a maƙogwaro ke bambanta su da 'yan'uwansu. Wane saiti ne ke fito da su a rediyon mota, wanne ke binne su? Ban taɓa jin an yi awa biyu ana musu a kan ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma su ne musun da zan so in zauna a benci in saurara har Magariba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Zama ɗaya a wata, a shagon wani ko situdiyon wani. Labule. Manhajar auna desibel da ke cikin kowace wayar zamani, wadda ko ba ta kai na'urar ƙwararru ba ta isa a daidaita ƙarfin abu biyu. Mutum ɗaya a bayan labule yana canzawa ba tare da ya faɗa ba, sauran kowa ya rubuta zaɓinsa a takarda kafin a buɗe baki, a maimaita sau goma. A gayyato dattijo ɗaya daga tsofaffin ma'aikatan rediyo a ba shi kujera, a bar yara su zauna a gaba su yi tambaya.

Da na koma shagon biyan cikon kuɗi, na tarar da miksocin nan biyu a inda na bar su. Na faɗa wa mai shagon abin da ke raina, ina tsoron kada ya ɗauka raini ne. Ya yi shiru yana kallon kantar, sannan ya ce, "Malam, ni fa na san wadda za ta ci." Na ce to, Alhaji, ai sai mu ji. Ya kira yaron nan ya ce ya nemo dijen da mai situdiyon, ya gaya musu Asabar bayan La'asar. Ya ce ni in zo da labulen da dattijon unguwarmu, shi kuma akwai wani mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa a bayan kasuwa, zai aika a kira shi.